Rigar Malam Sale

Laraba, da dare.

Yau an kawo riguna masu ƙyalli ofis, waɗanda ke haske idan fitilar mota ta doke su. Mu masu motoci aka raba wa, don a ɗauki hoto. Malam Sale na sashen jimar fata, mai taka keke daga Challawa zuwa Zawaciki a tsakanin tireloli, bai samu ba.

Da aka tashi daga aiki na miƙa masa tawa. Ya jujjuya ta, bai saka ba.

"Hajiya, ku haɗa mini da takarda. Masu gadi za su ce na sata."

Na rubuta, na buga hatimi. Shekara goma sha biyu yana shiga ƙofar nan. Ni da na zo bara, masu gadi ba su taɓa buɗe jakata ba.