Na Ce wa Inna Babu Kogi a Garin

Assalamu alaikum, masu kula da wannan shafi da masu karanta shi. Don girman Allah a sakaya sunana, kuma duk wanda zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna. Na san zan sha zagi, na kuma san na cancanta, amma wanda nake yi wa kaina ya fi naku zafi. Shawara nake nema.

Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Gwaram, a bakin kogi. Yanzu ina zaune a Kano da matata Rabi da ɗanmu tilo, Sadik. Sana'ata gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki. Mahaifiyata, Inna, tana can gida. Mu biyu ta haifa, ni da yayana Buba. Asalinmu Fulani ne, ko da yake Fulatancin ya tsere mana tun zamanin kakanni, kunyar ce kawai ta rage. Saboda Buba ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, in za ta ba shi fura sai ta miƙo min ta ce, "Kai wa wancan." Wata damina, ina ƙaramin yaro, Buba ya zo tsallakar da shanu alhali kogi ya kawo. Ya riƙe wutsiyar saniya kamar yadda makiyaya ke yi, saniyar ta fita, shi bai fita ba. Ranar da aka kawo gawarsa ko ɗigon hawaye Inna ba ta yi a gaban mutane ba. Mata na ta koke-koke, ita tana miƙa musu ruwan sha kamar ɗan maƙwabta ne ya rasu. Sai da aka watse ta ja ni bayan rumbu, ta damƙe min hannu har farcenta ya shige ni, ta ce, "Ka saurare ni da kyau. In ka shiga jirgin ruwa, ko ka zauna a garin da ke bakin babban ruwa, ban yafe maka nonon da ka sha ba." Bayan nan ta tura ni Birnin Kudu wurin ƙaninta, na yi makaranta na koyi sana'a, daga can na wuce Kano. Ita kuwa ta zauna, don nan ne ɗakin aurenta.

Kano ta ishe ni, wallahi ta ishe ni. Ka fito da sassafe ka maƙale a cunkoso, mai adaidaita sahu ya goge ka kuma shi zai fara zaginka. Gidan da muke haya bayan gidan burodi yake, hagu janareta, dama janareta, hayaƙi har cikin tuwo. Ni zan iya jurewa, amma Sadik yana da asma. Sunan Buba na sa masa, shi ya sa Inna ba ta kiransa sai "Maigidana", tana tsokanarsa wai ya bar ta ba cefane. In ciwon ya taso ƙirjinsa kuka yake kamar usur, ya riƙe rigata yana kallona, ni kuma ba abin da zan iya. Da muka nuna shi a babban asibitin Birnin Kudu, likita ya ce min, "Malam, magani zai taimaka, amma ka fitar da yaron nan daga cikin hayaƙi." Za ku ce to ka koma Birnin Kudun mana. Na yi wannan tunanin. Masu gyaran da ke can ma zaman jiran aiki suke, in je in zauna kusa da su mu riƙa hamma tare?

Ana haka wani abokina da muka koyi aiki tare ya kira ni daga Kalaba. Ya ce masu ɗakunan sanyi na ajiye kifi suna neman irina ido rufe, in zo in gani. Na je. Jama'a, gari ne a natse, ba hon, ba gaggawa, itatuwa ko'ina, ruwan sama ya wanke titi tas. Akwai unguwar Hausawa da masallacinta. Na ja numfashi na ji iska ta kai min har ciki, na ce da Sadik ne a nan da ya huta. Sai abokin nawa ya kai ni wurin aikin, na ga ruwan. Ban taɓa ganin irinsa ba, da ƙyar kake hango ɗaya gaɓar, kuma wai gaba kaɗan teku ce. Ya ce mu shiga kwalekwale mai inji ya nuna min inda ake sauke kifi. Ba wanda ya ja ni, ba wanda ya tura ni, da ƙafata na shiga. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne na ji daɗi. Na sa hannu a ruwan ina dariya kamar yaro. Kafin in baro garin na karɓi aikin, na kama ɗaki a bene, tagarsa tana kallon ruwan.

Saura izinin Inna, don ba zan bar arewa da iyalina ba tare da ta sa albarka ba. Na jira ranar da na kawo ta Birnin Kudu awon hawan jini. Mun fito muna zaune a inuwar dalbejiya muna jiran motar Gwaram ta cika, tana ƙulle magungunanta a bakin mayafi, na ce, "Inna, na samu aiki a kudu, wani gari Kalaba. Saboda ƙirjin maigidanki ne." Ta ce, "Da nisa?" Na ce da nisa, amma mota na zuwa. Ta ce, "Akwai masallaci?" Na ce akwai. Har na ɗauka an wuce wurin. Can ba tare da ta kalle ni ba ta ce, "Akwai kogi?"

Na ce, "Babu, Inna. Tudu ne. Sai rijiya da famfo."

Har yau ban san yadda bakina ya iya ba. Ko gargada ban yi ba. Wane irin ɗa ne wannan? Ta ɗago ta dube ni, ta daɗe tana dubana, sannan ta dafa kaina a gaban 'yan acaɓa da masu tallar gyaɗa ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ya sa can ne arzikinka yake." Na ce amin. Lissafina shi ne ai ba zuwa za ta yi ba. Matar da ta zo Kano sau ɗaya ta ce kanta zai fashe ta gudu gida, me zai kai ta kudu? Zan riƙa zuwa da sallah, shi ke nan, asiri a rufe.

Ba a jima ba Kawu, ƙanin Inna, ya je ƙauye ya kira ni ya ce, "Kai, me ka faɗa wa uwarka? Ga ta nan tana rabar da awakinta." Na bar aiki na hau mota. Na tarar ta raba awakin ga 'ya'yan dangi, ta kyautar da kwanukanta da turminta, ɗakin ya yi fayau sai tabarma da ƙullin kaya. Ta bi gida-gida ta yi sallama. Na ce, "Inna, lafiya?" Ta ce, "Da ni za ku tafi." Na fara kame-kame, nisa ne, abincinsu daban ne, ba ta jin yarensu. Ta ɗaga min hannu ta katse ni. Ta ce, "Tun ranar da ruwan nan ya ci Buba," sai ta tsaya. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ta ci gaba, "duk damina in ya kawo ina jin sa daga ɗakin nan. Ba na runtsawa. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko mahaifinku. Yanzu shi ma ya tafi, ba abin da ya riƙe ni. Ka kai ni garin nan naka da ba kogi, ga maigidana kusa da ni, in yi barci ko na shekara ɗaya ne kafin Allah ya karɓi abinsa." Tana faɗa tana murmushi. Rabon da in ga Inna da irin wannan fuskar har na manta.

Da na koma Kano na kwashe komai na faɗa wa Rabi, don ita ba ta san da zancen bayan rumbu ba. Ta ajiye muciya ta ce, "Baban Sadik, ka yi hauka ne? A gadar Makurɗi ma me za ka ce mata? Rufe mata ido za ka yi har mu isa? In ta buɗe taga fa?" Na ce ko in nemi ɗaki can cikin gari. Ta ce, "Garin da kowa ke ƙarnin kifi? Kai da za ka riƙa dawowa da laka a takalmi?" Ta share hawaye ta ce, "Ni dai ba da hannuna za a kashe tsohuwa ba. Amma ka sani, ɗana ba zai ƙara wata shekara a gidan nan ba." Kuma tana da gaskiya, don a tashin ciwon da ya yi na baya-bayan nan har leɓensa sai da ya yi baƙi kafin mu isa asibiti.

To ina zan sa kaina? In faɗa wa Inna gaskiya, ta ji na yi mata ƙarya ido da ido, na shiga jirgin ma tuni, ga likita ya ce a guji tayar mata da hankali? Da wace fuska za ta koma ɗakin da ta share, a cikin mutanen da ta yi wa sallama? In fasa tafiyar, in ci gaba da kallon Sadik yana neman numfashi? In tafi da ita in bari idonta ya gane mata? Akwai kuma abin da ban faɗa wa ko Rabi ba. A ƙasan benen da na kama a Kalaba akwai wani dakali da yaran unguwa ke tsalle daga kai suna faɗawa ruwa. Sadik kuwa ko a baho ka sa shi sai da kuka ake fitar da shi. In na tuna sunan da yake ɗauke da shi, na tuna zan kai shi can da bakin uwa a kaina, sai in ajiye sukudireba in kasa ci gaba da aiki. Malamai da ke shafin nan, albarkar da aka karɓa da ƙarya tana bin mutum, ko furucin farko ne yake nan daram?

Masu aikin sun ce in ban zo da wuri ba za su ɗauki wani. Damina kuma ta sauka a Gwaram. Ɗazu Inna ta sa maƙwabcinta ya kira ni, ta karɓi wayar ta ce, "Ruwa ya fara kawowa. Kayana a ɗaure suke, a kansu ma nake zaune. Yaushe za ka zo?" Na buɗe baki in faɗa mata, wallahi na buɗe, sai na ji kaina ina cewa, "Na kusa, Inna."

Don Allah ku taimake ni. Me zan yi?