Gonar Cittar Bulus

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa mai yawa daga Kafanchan. Na san ba za ki karanta wannan takarda ba, amma ba wanda zai ji daɗin labarin nan kamar ke, shi ya sa na zauna rubuta miki.

Mama, gonar citta ta Manchok tana nan. Ba a sayar ba.

Wata huɗu bayan mun binne ki, Baba Dauda ƙanen Baba ya fara zuwa wurin Bulus da lemun kwalba da burodi. Kin san ɗanki. Shekararsa arba'in da biyu, amma duk wanda ya yi masa murmushi ya zama abokinsa, duk takardar da aka miƙa masa zai dangwala mata yatsa. Ashe cinikin gonar ake ƙullawa. Malam Buba ne ya gano, Bafulatanin nan da kike bari shanunsa su ci karan dawarki bayan girbi. Ya ga baƙi suna awon ƙasa, ya hau mashin har makarantar da nake koyarwa, ya tsaya a ƙofar aji da sandarsa sai da na fito.

Lauyar da na je wurinta ta ce idan muka jira mako ɗaya, aikin gama ya gama. Muka kai takardar likita kan lalurar ƙwaƙwalwar Bulus, muka roƙi kotu ta naɗa masu kula da dukiyar Bulus cikin gaggawa. Ranar Talata alƙali ya saurare mu. Ya tambayi Bulus wa yake so ya riƙe masa gonarsa. Na gyara zama ina jiran sunana. Kin san wa ya nuna? Malam Buba. Wai shi yake ba shi kindirmo, ni kuwa faɗan wanka kawai na iya. Alƙali ma sai da ya cire tabarau ya yi dariya. Aka naɗa mu biyu na wucin gadi, ni da Malam Buba. Yanzu ko kunya ɗaya ta gonar ba mai sayarwa sai da izinin kotu.

Akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba. A asibiti, ranar da kika roƙe ni in riƙe Bulus, na ji ki sarai. Na yi kamar ban ji ba, na tashi ɗebo ruwa. Tun muna yara nake jin haushin yadda kome sai shi tukuna. Ni ma na taɓa tunanin sayar da gonar in kawo shi gari in huta. Kin lura, ko? Da na ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki a kotu na ce na yarda, ke nake ba amsa, Mama.

Baba Dauda ya daina gaishe ni a majami'a, amma matarsa ta aiko mana da kwanon acca. Zumuntar mata za su zo ranar Asabar su taya mu haƙar citta, bana ta yi kyau. Bulus ya yi ƙiba. Ya daina tambaya yaushe za ki dawo. Jiya ya sauko da fartanyarki daga rumbu, ya wasa ta da kansa, ya ce in faɗa wa kowa tasa ce yanzu. Ban hana shi ba.

Ki huta lafiya, Mama. Sai mun sadu a gaban Ubangiji.

'Yarki,
Ladi