Kiɗan Mutuwarmu Da Kuka Mayar Na Rawa

Zuwa ga Shugaban kamfanin nan na Kaduna mai haɗa manhajar kiɗa ta kwamfuta.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, Yallaɓai, sunana Haruna Gado. Ina da ɗan situdiyo a Yelwar Yauri, ɗaki ɗaya ne da piyano da kwamfuta da wani janareta mai yawan tari. Ina cikin mutanen farko da suka sayi faifanku a yankin nan, kuma ina cikin masu cike 'yar takardar da kuke sakawa a kwali kuna neman ra'ayin masu amfani da kayanku. Kukan da zan yi yau na riga na yi shi ta gidan waya, na yi shi ta intanet, ba a ji ba. Shi ya sa na fito fili, ko kunyar jama'a za ta yi abin da roƙona ya kasa.

Na ɗaya, yadda kuka zo mana. Manhajarku ta farko babu komai a cikinta sai gangunan Turawa da na Indiya. Na rubuto na ce ga shawara, ku sa gangunan ƙasarmu. Kuka amsa da sauri, har da yabo, kuka turo ma'aikacinku Injiniya Sunusi da na'urar ɗaukar sauti. Na kai shi ƙauyenmu kusa da Wara, wurin mahaifina, wanda shi ne makaɗin mutanenmu. Baba ya buga masa kiɗan tuƙin jirgi da na gayya da na biki, Inna ta cika shi da tuwon shinkafa da miyar kifi har ya sassauta bel. Ba mu ɓoye masa komai ba, kuma har yau ba na baƙin cikin waɗannan kaɗe-kaɗen da ya ɗauka.

Na biyu, abin da ya kamata ka sani game da mu. Mu mutanen gungu ne, wato tsibiri. Kafin a datse ruwa a Kainji iyayenmu suna zaune a tsibiri guda, gida na kallon gida. Ruwa ya ci garin da gonakinsa da kaburburansa, aka tashe su, suka warwatsu a bakin tafki, wannan tunga can, waccan can. Abu ɗaya ya rage da yake haɗa mu, wani kiɗa da muke ce wa Kiran Gida. Ba a buga shi sai ɗan gungunmu ya rasu. Makaɗi yakan tsaya a bakin ruwa ya buga a hankali, ya yi shiru, ya sake bugawa, ruwa ya ɗauki ƙarar ya kai ta tsallake. Duk wanda ya ji sai ya ajiye abin da yake yi ya kwance kwale-kwale, domin ka san gawar Musulmi ba ta jiran kowa. Ku a Kaduna na ji wayar salula ta iso muku. Mu a bakin tafki gangar nan ce wayarmu.

Ana gobe Injiniya Sunusi zai koma, Allah ya yi wa wata gwaggona rasuwa da hantsi. Baba ya ɗauki ganga ya nufi bakin ruwa. Baƙonmu ya biyo mu da na'urarsa a kafaɗa, kuma na ga jar fitilarta tana ci. Na ja shi gefe na gaya masa ko mene ne wannan kiɗan, na roƙe shi ya goge. Ya dafa ƙirji ya ce wallahi don tarihi kawai zai ajiye, ba zai shiga manhaja ba. Da shi aka yi sallar gawa, har ƙasa ya taya mu turawa. Na yarda da shi, don ban ga dalilin ƙin yarda da mutumin da ya tsaya a sahunmu ba.

Na uku, abin da kuka yi da shi. Da sabon faifanku ya fito na sa a kwamfuta ina murna. Ina bin jerin kaɗe-kaɗen sai na ci karo da wani da kuka sa wa suna Shagalin Bakin Ruwa. Na danna. Yallaɓai, hannun ubana ne. Kun ƙara masa sauri, kun cike shirun da ke tsakani da kacau-kacau da tafi, amma ko a mafarki na ji shi zan gane. Kafin damina ta fita ya shiga waƙoƙin fim da na biki. Masu shayi suna sa shi, 'yan acaɓa suna sa shi, masu sayar da kaset a kasuwar Yauri suna ƙure shi a lasifika.

Ranar da ya fara isa ƙauyenmu, wasu matasa ne suka kunna shi a wajen suna. Inna tana bakin murhu ta saki ludayi, ta fito ba mayafi tana salati tana cewa, "Wa yam mutu? Ku hwaɗa mani, wa yam mutu?" Tsofaffi suka firfito, jirage suka taso daga tsallake, mutane suka iso da jajayen idanu suka tarar da yara suna rawa. Ranar an yi dariya, har ana tsokanar Inna. Da abin ya maimaitu, aka daina dariya. Daga baya kuma aka daina tasowa, don ba wanda zai bar komarsa ta kamun kifi a ruwa kullum saboda kaset.

Na huɗu, abin da ya jawo. Bayan Babbar Sallar da ta wuce ƙanen Baba, Baffa Tanko, ya rasu. Baba ya tsaya a bakin ruwa ya buga har hannunsa ya kumbura. Iska tana kaɗawa daidai, babu tungar da ba ta ji ba. Ba jirgi ko ɗaya da ya taso. Mutumin da ya yi wa rabin tafkin nan gyaran jirgi, sahu ɗaya bai cika a kansa ba. 'Yarsa Hassi tana aure a tsallake. Ta ji kiɗan sarai tana banda kifi, ta ce a ranta yau kuma bikin wa ake yi, ta ci gaba da aikinta. Sai ranar kasuwar Wara wata mata ta yi mata gaisuwar ubanta. Ba zan iya kwatanta maka yadda ta iso gida ba, kuma har yau ba ta yafe wa kanta ba, alhali ba ta yi laifin komai ba.

Na biyar, amsarku. Na rubuta muku duk wannan. Da shiru ya yi yawa na hau mota har Kontagora na biya wani ya tura muku ta intanet. Amsar da ta zo ta gode mini da ra'ayina, ta kuma sanar da ni cewa Shagalin Bakin Ruwa ne kiɗan da masu amfani da manhajar suka fi yabawa, don haka a fitowa ta gaba za a ƙara masa kala-kala. Ban ce masu situdiyon Kano da Kaduna sun yi ƙarya ba, kiɗan yana da daɗi, ai don ya ratsa zuciya aka yi shi. Amma in ƙidayar baki za a yi, yaushe 'yan tungayenmu za su rinjayi birane? Ashe jin ra'ayin jama'a da kuke taƙama da shi, jin ra'ayin masu yawa ne.

Na goge shi daga kwamfutata. Mawaƙan da ke zuwa wurina suna tambayarsa, in na ce babu sai su wuce gaba, wannan kuma bai dame ni ba. Abin da ya hana ni sukuni shi ne Baba. Tun rasuwar ƙanensa yake kwance, abinci sai an lallaɓa. Ni ya koya wa Kiran Gida, ni ne ya kamata in buga masa. Makon jiya ya kira ni ya ce, "Haruna, in lokacina ya yi kak ka buga mani kiɗin ga. Ba ni son ina kwance a ɗauka shagali akai." Mutumin da ya kira wa kowa jama'a, yau shi ke roƙon a binne shi shiru.

Don haka ga roƙona. Ku cire kiɗan nan daga fitowa ta gaba. Ku sanar da masu situdiyo ko mene ne shi, na tabbata akwai masu tsoron Allah a cikinsu da za su bari. Ku turo Injiniya Sunusi ya durƙusa gaban Baba ya ba shi haƙuri tun yana iya ji, ya san hanya, ya san gidan.

Ba na yaudarar kaina. Ko kun yi duk wannan, kaset ɗin da suka bazu ba za su dawo ba, kunnen da ya saba jin abu a wurin rawa kuma ba ya komawa jin tsoronsa. Ruwa ya ci garinmu muka ce ai muna da ganga. Yanzu ban san da me zan kira dangi ba ranar da Baba zai cika, kuma ranar ba ta da nisa.

Ina roƙon Allah ya ba ka lafiya, ya albarkaci sana'arka, ya tsare maka iyalinka. Ranar da taka ta zo, bayan tsawon rai, Allah ya sa in an kira mutane su gane kira ne, su zo.

Wassalam.

Haruna Gado,
Yelwa, Yauri, Jihar Kebbi.