A Ba Isa Kurma Wuri a Garejin Alhaji Bello

Zuwa ga Alhaji Bello, mai garejin gyaran injuna da ke bakin kasuwar Gummi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da duk masu neman abinci a ƙarƙashin rumfarka. Allah ya ƙara wa kasuwa albarka.

Ni ne Sani mai albasa, ɗan ƙanwar mahaifinka. Na faɗi haka ne saboda masu karatu, don su san taubasai ne mu, su kuma san abin da ya kai maganarmu ga takarda. Sau biyu ina zuwa maka da zancen nan baki da baki, sau biyu kana mai da shi wasan taubasai, ka sa a kawo mini shayi, a yi dariya a watse. Shi ya sa na rubuta, na kuma bar wasiƙar a buɗe domin masu gareji daga nan har Bukkuyum da Anka su gani, don ba kai kaɗai ke yin abin da zan faɗa ba. Amma ka kwantar da hankalinka, Alhaji, ba da fushi nake rubutu ba. Albasata ta tsira, na kwashe ta lafiya, kuma rabon da in ga irinta an daɗe. Mai murna ne ya kawo maka ƙara.

Na farko: yadda ake ɗaukar ma'aikaci a garejinka.

Ka san duk ranar kasuwa kan bencinka nake hutawa. A ƙarshen daminar bara mutum biyu suka zo neman aiki, kasuwa ɗaya tsakaninsu, kuma duka a gabana aka yi.

Wanda ya fara zuwa shi ne Isa, magidanci, kurma tun haihuwa, ba ya ji ba ya magana. Ya zo da buhun sifanu a kafaɗa da takarda daga tsohon maigidansa na Anka, inda ya daɗe yana gyaran injunan ban ruwa da na niƙan dutse na masu neman zinare. Rashin kwanciyar hankali a can ne ya sa ya kwaso iyalinsa ya dawo Gummi wurin dangin matarsa. Ya miƙa maka takardar da hannu biyu. Ba ka buɗe ta ba. Ka juyo gare mu ka ce, "Wanga da bai jin ƙarar inji, ƙaƙa za shi gyara inji?" Muka kwashe da dariya, har da ni, Allah ya yafe mini. Ka ba shi goro, ka nuna masa hanya. Ya saɓi buhunsa ya tafi bai waiwayo ba.

Da kasuwa ta zagayo sai ga Lawali, ƙanen mijin 'yarka, ɗan kabu-kabu da babur ɗinsa ya mutu. Tambaya ɗaya ka yi masa, ko ya iya kwance fulogi. Ya ce ya iya. Kashegari aka ba shi sifana da tabarma.

Ba na ƙin a taimaki dangi, ni ma dangi ne, kuma na sha cin alherinka. Sai dai mutum biyun nan ba wanda aka aje wa inji a gaba aka ce ya gwada. An kori ɗaya don kunnensa, an ɗauki ɗaya don surukuta. Hannunsu kuwa, wanda shi ne abin sana'ar, ba a duba na kowa ba.

Na biyu: abin da ya sami injina.

Albasata ta fara ɗaura kai a fadama lokacin da injin ban ruwana ya soma rigima. In na tayar da shi sai ya yi aiki kaɗan, ya ɗau zafi, ya yi wani gurnani, ya mutu. Na ɗaure shi a bayan babur na kawo garejinka, kamar yadda na saba shekara da shekaru. Kana Gusau sayen kaya, sai Lawali ya karɓe ni.

Zuwan farko ya canja fulogi, ya ja igiya, inji ya tashi a ƙasa ba ruwa a cikinsa. Ya ce, "Ka ji ƙara, Malam Sani? Lafiya lau." Na koma fadama. Fangali biyu na cika, inji ya mutu.

Zuwa na biyu ya wanke kafireto. Wannan karon, don ya cire mini shakka, ya bar injin yana ta ruri a bushe har muka gama shan shayi. Da na koma fadama injin ya tashi, amma ko ɗigon ruwa ya ƙi ja. Da ciwo ɗaya na kai shi, na dawo da biyu.

Zuwa na uku ya zagaya injin sau biyu, ya ɗan shure shi da ƙafa, ya ce, "Injin ga ya gama yayinshi, sai dai sabo."

Alhaji, kwana tara ke nan albasata ba ta sha ruwan kirki ba. Ina ɗiba da bokiti daga gulbi tun safe har kafaɗata ta ƙi ɗaguwa, amma bokiti ba ya shayar da gonar albasa. Bakin ganye ya yi rawaya, na gefen tudu ya fara kwanciya. Ka san wannan gonar ce abincin gidana na shekara. Na riga na yanke shawarar in kai san nomana ɗaya kasuwa in sayi sabon inji, ko da damina za ta same ni da sa guda. Har na je na tsaya a kansa a turke ina shafa wuyansa, na kasa kwance igiyar.

Na uku: mutumin da muka yi wa dariya.

Inna, gwaggonka, ita ta hana ni. Ta dawo daga markaɗe ta same ni a turken ta ce, "Kai Sani, bar san ga. Kai injin wurin kurman nan na gindin tsamiya bayan tasha. Injin markaɗen unguwarmu da anka ce ya mutu, shi ya tashe shi."

Kunya ta kama ni, amma na tafi. Na same shi zaune kan buhu, sifanunsa jere a kan tsumma daga ƙarami zuwa babba. Ya gane ni nan take. Ya nuna ni da yatsa, ya dafe cikinsa, ya kwaikwayi yadda na yi dariya ranar, har da yadda nake karkatar da hula. Sannan shi da kansa ya fashe da dariya, ya matsa ya ba ni gefen buhu. Ban taɓa ganin an yafe wa mutum cikin sauƙi haka ba.

Na kama igiya zan tayar masa da injin ya gani, sai ya riƙe hannuna. Ya nuna bokiti, ya nuna injin, ya kaɗa yatsa. Na gane: ba a tayar da injin ban ruwa a bushe. Ya kwance ɓangaren da ke jan ruwa, ya ciro ɗan zoben robar da ke tare iska, wanda makanikai ke kira sil, ya ɗora mini a tafin hannu. Ya ƙone ƙurmus. Rurin da aka bar injin yana yi muna shan shayi ne ya cinye shi. Ya sa sabo, amma bai sallame ni ba. Ya tattara kayansa, ya nuna wajen gulbi, ya haye bayan babur ɗina ya rungume injin.

A fadama ya cika injin da ruwa, ya jefa tiyo a gulbi, ya tayar. Sai ya durƙusa ya ɗora tafin hannunsa a jikin injin, ya rufe ido. Yana matsar da hannun a hankali kamar ungozoma tana duba ciki. Da ya kai kusa da farfelar ruwa ya tsaya, ya ɓata fuska, ya kashe injin. Ya kwance, ya ciro boris, wato zoben ƙarfen da farfelar ke juyawa a kansa, ya sa mini a hannu ya juya shi. Na ji yana gurzawa kamar an zuba masa yashi. Ciwon farko ke nan, wanda masu kunne suka saurara sau biyu ba su ji ba. Ya ciro wani daga buhunsa ya sa.

Kafin la'asar ya ba ni igiya ya ce da hannu in ja. Na ja. Tiyo ya kumbura, ya yi tari sau biyu, sai ruwa ya yi tsalle ya faɗa lambatu da ƙarfin da na manta injin nan yana da shi. Alhaji, da ka ga fadama a ranar. Maƙwabtan gona suka yar da fartanya suka rugo. Ni kuwa na shiga cikin ruwan da takalmina ina buɗe fangali ɗaya bayan ɗaya, ina ta hamdala da ƙarfi kamar mai kiran salla.

Inna ma ta zo, don ta ce zaman gida ya gagare ta. Ta tsaya bayan Isa ta rangaɗa guɗa har sau uku. Shi kuwa yana durƙushe yana goge sifanunsa. Sai ta dafe ƙirji ta ce, "Kun gan ni! Ina ta guɗa, mai abin bai ji!" Ta zagayo gabansa, ta ɗaura gyale a ƙugu, ta taka masa rawa, tsohuwa da sandarta, don ya gani da ido. Isa ya yi dariya har hawaye. Duk wanda ke wurin sai da ya yi. Kwana uku bayan haka albasa ta miƙe, kuma tun ranar injin bai sake yi mini gardama ba har na kwashe.

Na huɗu: halin da ake ciki yanzu.

Yau in ka bi ta bayan tasha za ka ga injuna jere a gindin tsamiyar nan, wasu daga ƙauyukan Bukkuyum aka ɗauko su. Da yawa daga masu su abokan cinikinka ne na dā, kuma ka san haka. Amma Isa ba shi da rumfa, ba shi da inda zai kulle kayan mutane, kullum sai ya kwashe su a baro ya kai gida. Damina kuma ta kusa. Kai kana da rumfa da suna, shi yana da hannu.

Game da Lawali, ba mugun mutum ba ne, ba a koya masa ba ne aka ba shi sifana. Sau biyu ina ganinsa lokacin hutun azahar tsugune kusa da Isa yana kallon hannunsa, Isa kuma yana nuna masa ba tare da ƙyashi ba. Ya zo har gida ya ba ni haƙuri, na kuma yafe.

Saboda haka ga roƙona:

1. Duk wanda ya zo neman aiki, ɗan dangi ne ko baƙo, mai kunne ne ko kurma, a aje masa mataccen inji a gaba a koma gefe. Abin da hannunsa ya yi shi za a duba. In ya zo da takarda kuma, a buɗe ta.

2. A aje durom cike da ruwa a gareji, kada injin ban ruwa ya fita sai an gan shi yana ja.

3. Ka je da ƙafarka gindin tsamiya ka nemi Isa ya zo garejinka a matsayin babban makaniki. Kada ka aika, kai ka sallame shi, kai ya kamata ka ɗauko shi. In kana jin nauyi zan raka ka, na riga ka sanin hanya.

4. Kada a kori Lawali, yana da iyali. A sa shi ƙarƙashin Isa har ya iya.

In kuma har yanzu kana shakkar aikin mutumin, akwai abin da Hajiya uwargidanka ta ba ni izini in faɗa maka a nan, don ta ce ta gaji da riƙe shi. Janaretan gidanka da ya yi wata guda a garejinka yana tashi yana mutuwa, wanda tun kafin azumi kake nuna wa baƙi kana cewa aikin mutanenka ne, ba su suka gyara shi ba. Ranar da ka tafi ɗaurin aure Anka, Hajiya ta sa aka ɗora shi a baro aka kai gindin tsamiya, aka dawo da shi kafin ka dawo. Fankar da kake kwana a ƙarƙashinta duk zafin bana, Alhaji, hannun Isa ke juya ta.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya buɗa kasuwarka, ya haɗa ka da ma'aikata na gari, ya sa ka karanta wannan da irin zuciyar da na rubuta shi. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Inna tana gaishe ka, ta ce ranar da Isa ya shiga garejinka a gaya mata, akwai sauran rawa.

Wassalam.

Naka taubashi,
Sani mai albasa,
Fadamar Gummi.