Ranar da Muka Ƙi Yanka wa Baƙi Rago

Zuwa ga Yayana Lawal, a Legas.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hassatu da yara, da fatan kasuwa tana tafiya yadda ake so. Inna tana gaishe ka. Baba Mai'unguwa ma ya ce a gaishe ka, ko da yake bai san ta nan zan aiko gaisuwar ba.

Na rubuto maka a nan inda kowa zai gani, don ka daina ɗaukar wayata tun ranar da muka yi sa-in-sa a kan gona. Amma na san kana leƙa shafina. Ranar nan hannunka ya kuskure ka danna wa hoton akuyata alamar so, ka yi maza ka goge. Na gani, Yaya. To tunda kana leƙe, gyara zama, yau bakina cike yake da labari.

Maganarka ta ƙarshe ita ce a sayar da gonar Baba ta bakin daji, a ɗauko Inna a kai maka ita Legas. Kai ne babba, in ka ce a sayar an sayar, mai saye kuma kullum sai ya aiko. Roƙona ɗaya ne, ka ji abin da ya faru tukuna.

An ƙaro mana sojoji, Yaya! Wallahi an ƙaro! Da motoci sababbi fil, ko ledar kujerunsu ba a cire ba. Tun daga Tafoki mutane suka biyo su a kan babura har garinmu, mata suna guɗa ta kan katanga. Ni kaina na yi tsalle, da gemuna da komai, har takalmina ya tsinke.

Amma bari in tuna maka yadda muka rasa su tun farko, don kana cikin waɗanda suka yi aikin.

Ka tuna sansanin da ke tsohuwar firamare. Sojojin ba su da yawa, motarsu sai an tura, takalmansu baduku ne ke ɗinke masu a kasuwa. In abincinsu ya yi jinkiri, gida-gida ake karɓa-karɓa wajen aika masu tuwo. Duk da haka suna nan, kuma muna zuwa gona mu dawo.

Sai aka ce 'yan majalisa za su zo daga Abuja, masu sa ido a kan sojoji, su duba ko mutanen sun isa, ko abin da gwamnati ta ware masu yana zuwa hannunsu. Mu kuwa duk wannan bayani bai shiga kunnenmu ba. Abu ɗaya muka ji: baƙi za su zo.

Kai, ka san halinmu. Aka yi gayya, aka share sansani tas, aka shafe shi da farar ƙasa. Aka aro batir da tayu daga motar hatsin Alhaji Iro aka sa wa motar soja. Aka yanka raguna. Sai Baba Mai'unguwa ya ce abin kunya ne mu ci nama maƙwabta suna jin ƙamshi, ya aika sansanin wajen Pauwa da na ɓangaren Sabuwa, duk wanda ba ya kan aiki ya zo a ci da shi. Suka kuwa zo.

Baƙi suka iso suka tarar da fili cike da kaki, kowane baki yana sheƙi da maiƙo. Aka taɓa mota ta tashi kamar jira take. Suka tambayi Kyaftin, shugaban sojojin sansaninmu, shi kuwa soja ba ya kai ƙara a gaban manyansa. Suka juya wajen Baba Mai'unguwa, ya dafa ƙirji ya ce, “Alhamdu lillahi, ranku ya daɗe, ba mu rasa komi ba.” Kai ne ka ɗauki tiren nama ranar, da hularka ta Sallah, kana ta washe baki. Kada ka musa, akwai shaidu.

Kafin kaka umarni ya zo, wai sansaninmu yana da mutane fiye da buƙata, a kwashe mafi yawansu a kai inda babu. Ban taɓa ganin laifin baƙin ba. Abin da muka nuna masu shi suka je suka faɗa. Alhaji Iro kuma ya zo ya cire batirinsa da tayunsa.

Sauran ka sani. Dawarmu ta bushe a tsaye ba mai zuwa yanka. Aka kore shanun huɗarmu. Baba ya ƙare kwanakinsa a zaure yana kallon hanyar gonar nan, har Allah Ya karɓi abinSa bai sake taka ta ba. Bayan sadakar arba'in ka ɗauki jakarka. Na ji haushinka lokacin, ba zan ɓoye maka ba, amma na san ba don son ranka ka tafi ba.

To, bana da bazara sai ga saƙo, wasu za su sake zuwa dubawa. Aka taru a ƙofar Baba Mai'unguwa, kuma ka rantse ba abin da ya taɓa faruwa, har an fara cewa wane zai ba da rago, wane zai kawo shinkafa. Sai muka ji ƙarar sanda. Inna ce, Yaya. Innarmu da ko kasuwa ba ta zuwa, ta zo ta tsaya a bayan zana inda maza za su ji ta. Ta ce, “Yo ku in za ku kai yaro asibiti, kwalliya kuke mashi ku ce ya yi wa likita dariya? Wancan karon ni na tuƙa tuwon da ya kori sojojin nan. Bana ko wuta ba ni hurawa.”

Malam Liman ne ya fara dariya, ya ce Hajiya ta fi mu gaskiya. A nan aka tsaida magana: ba shara, ba aro, ba yanka, ba gayyatar kowa.

Kada ka ɗauka abu ne mai sauƙi. Ban taɓa sanin rashin yin abu yana da wuya haka ba. Mata suna wucewa ta gefen sansani suna kauda kai don kada su ga ciyawa hannunsu ya kai ga tsintsiya. Baba Mai'unguwa ya ɓoye rago a bayan rumbunsa, wai ko da za a canza shawara. Matarsa ta tona. Inna ta sa na janyo ragon na ɗaure a bayan ɗakinta, ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa ta zauna tana jan carbi. Baba Mai'unguwa ya zo har gida bikon ragonsa, ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi iyali, ba ta matsa daga wurin ba.

Ranar da suka zo, shugabansu wani dattijo ne mai furfura, an ce shi ma ya taɓa sa kaki. Ba tabarma, ba rumfa, sai benci mai karyayyar ƙafa. Sojojinmu suka jeru, 'yan tsiraru. Ya tambayi ina sauran, Kyaftin ya ce su ke nan. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kallo, ya sa wani ya ɗaga ƙafa, ya ga tafin takalmin da robar taya aka liƙe shi.

Sai ya ce a kai shi bakin daji ya ga inda suke sintiri. Aka murza makulli, mota ta yi tari ta yi shiru. Aka sake, ko tarin ma ta ƙi. Mu samari muna tsaye mun harɗe hannu a baya, mu da kullum mu ke tura ta. Abokina Sajan Bitrus, wanda ka sani, mai son fura kamar ɗan gari, ya kalle ni yana roƙona da ido. Na ɗaga kai ina duban sama kamar mai neman hadari. Allah Ya sani zuciyata kamar ta fito.

Ka san abin da dattijon nan ya yi? Ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙa wa direba, ya dafa bayan mota, mutanensa suka bi shi dole. Nan fa haƙurinmu ya ƙare, muka ruga gaba ɗaya muka kama masu. Ɗan majalisa da manomi kafaɗa da kafaɗa, ana “kai, tura!” har ta tashi.

Da suka dawo ya nemi ruwa. Aka ɗebo mashi daga randar sojoji, ruwan tafki, ka san kalarsa. Ya dubi kofin ya daɗe, sannan ya kafa kai ya shanye. Tun daga nan mutumin ya shiga raina.

Sannan ya juya ga Baba Mai'unguwa ya tambayi lafiyar gari. Bakin tsohon ya fara da kansa, “Alhamdu lillahi...” sai aka ji tari daga bayan katanga, kuma kowa ya san mai tarin. Sai ya sake cewa, “Alhamdu lillahi, ranka ya daɗe, amma muna cikin wahala, yaran ga kuma sun fi mu shan ta. Gonakinmu na can mun bar wa daji.” Hawaye suka zubo mashi har gemu. Ban taɓa ganin ya yi kuka ba, ko ranar jana'izar Baba. Ni ma na yi, kuma ban ji kunya ba.

Da za su tafi dai abin ya fi ƙarfin Baba Mai'unguwa. Motoci sun fara tafiya ya bi su da gudu, da ƙwan zabi cike da ƙwarya, yana cewa ko wannan su riƙe don Allah, kada a je a ce garinmu ba a san baƙo ba. Inna ta ce wannan kam a ƙyale shi, ai sun riga sun gani.

Daga nan sai jira. A wayarmu ta ƙarshe ka ce mani ba abin da zai biyo baya, an zo an ɗauki hoto ne kawai. Na yi maka gardama da ƙarfi, amma cikina yana cewa wataƙila kai ke da gaskiya. To ga shi, Yaya. Ga mutane, ga motoci, ga masu haƙa rijiyar burtsatse a sansani. Sajan Bitrus ya samu wanda zai canje shi, ya tafi gida ganin 'yarsa da aka haifa yana nan, har ta fara tafiya bai taɓa ɗaukarta ba. Da zai hau mota ya rungume ni har ƙashina ya yi ƙara.

Abin da ya fi burge ni, ranar kasuwar da ta wuce sai ga dattijon nan ya dawo, ba sanarwa, ba jiniya, daga Faskari ya biyo. Ya zo ya ga ko abin da aka ce an aiko ya iso. Ya buɗe motocin, ya leƙa ɗakin abinci, ya tsaya ya yi magana da ƙananan sojoji su kaɗai. Ya ce zai sake zuwa, kuma ba zai faɗi rana ba. Baba Mai'unguwa ya ce wannan mutum so yake ya kashe shi da kunya.

Ban ce maka an gama ba. Dajin yana nan da abin da ke cikinsa, ta wajen Ƙanƙara har yanzu ana jin labari marar daɗi, kuma wanda ya kawo sojoji yana iya kwashe su. Ina jin tsoro kamar yadda kake ji. Amma yanzu kullum da safe motarsu tana wucewa gaba, manoma suna bin ta a baya.

Shekaranjiya aka yi ruwan shuka. Jiya Inna ta ce a ɗora ta a amalanke. Na ce jikinta, ta ce jikin nata ne. Da muka isa gonar ta sauka ta cire takalmi, ta yi ta tafiya a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Sai can na ji tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Rabon da in ji muryar nan tata tun Baba yana da rai.

Mun shuka, Yaya. Na san ban nemi izininka ba, ka yafe mani. Muna sara tana bin mu da iri, har muka kai gefen gabas, sai ta ɗaga sanda ta tare mu. Ta ce, “Nan Lawal ke shukawa tun bai fi tsawon sungumi ba. A bar mashi.” Na ce mata Legas da nisa. Ta ce ta sani.

Ga wurin can ba a taɓa ba, a gefen gona shukakkiya. Ƙasa tana da laima yanzu, amma ka fi ni sanin ba za ta daɗe ba. In har sayarwar ce, ba zan tsaya maka a gaba ba, sai dai ka zo ka faɗa mata da bakinka. A gonar za ka same ta, yau ma tun da safe ta tafi.

Allah Ya ji ƙan Baba, Ya sa ya huta. Allah Ya tsare yaran mutane da ke tsaye a bakin dajinmu, Ya mayar da kowa ga iyalinsa lafiya. Allah Ya ba masu dubawa ikon faɗin abin da suka gani. Kai kuma Allah Ya buɗa maka, Ya sanyaya zuciyarka, Ya kawo mana kai kafin ƙasa ta bushe. Amin.

Ni ne ƙanenka mai taurin kai, wanda ke kewarka,
Sada.