Ƙorafi Kan Katunan Mutum Goma Sha Ɗaya da Suka Ci Jan-baki

Umaima Abdulmannan Zarami,
Ma'aikaciyar Lafiya,
Asibitin Sha-ka-tafi na Garin Auta,
Yankin Guri.
18 ga Satumba, 2023.

Zuwa ga Mai Girma Shugaba,
Kwamitin Sa Ido Kan Asibitocin Karkara,
Shiyyar Haɗejia.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: UMARNIN SAUYA BAYANIN MARASA LAFIYA DA DAKATAR DA NI DAGA AIKI

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina sanar da kai cewa ranar Laraba, 13 ga Satumba, shugaban asibitinmu, Malam Sunusi Ahmed, ya umarce ni in rubuta zazzaɓin cizon sauro a katunan mutum goma sha ɗaya. Na ƙi. Har yau ban janye ba, ga kuma dalilaina.

1. Kamfanin da aka ba aikin feshin maganin tsuntsun jan-baki, don tallafa wa manoman shinkafa, ya aiko wa mai gari takarda cewa zai yi feshi ranar Alhamis, 14 ga wata. Sai ga shi ma'aikatansa sun shiga can cikin ciyawar kacalla ta fadama da kwalekwale tun ranar Litinin, 11 ga wata, sun yi feshin sun fice. Ba a yi shela ba. Na tambayi mai shela da bakina, ya ce ba wanda ya aiko masa.

2. Ina roƙon a fahimci wannan da kyau, domin an fara kiran mutanenmu jahilai. Mutanenmu ba sa cin mushe. Da safiyar Talata suka tarar da tsuntsaye zube a bakin fadama, suka ɗauka ruwa da iska ne suka kaɗo su, kamar yadda akan gani da damina. Matattun suka bar su a inda suke. Masu sauran rai suka tsince, suka yanka ɗaya bayan ɗaya da bismilla, suka fige, suka soya. A saninsu, abin da aka yanka da ransa halal ne. Ba wanda ya gaya musu cewa wuƙa ba ta fitar da guba.

3. Daga yammacin Talata zuwa safiyar Laraba aka kawo mana mutum goma sha ɗaya, dukkansu da amai, da gumi, da dalalar miyau, ƙwayar idonsu ta tsuke kamar kan allura. Ni na yi musu gwajin zazzaɓin cizon sauro, ko ɗaya bai nuna ba. Allurar karya irin wannan guba babu ita a ma'ajiyarmu, alhali na nemi a kawo ta a rubuce tun 4 ga Yuli. Na tura biyar Haɗejia. Kawu Fannami, manomi ɗan kimanin shekara sittin, ya cika a hanya. Allah ya jiƙansa.

4. Ranka ya daɗe, ban ce na san abin da aka ƙulla ba, abin da idona ya gani kawai zan faɗa. Da hantsin Laraba motar kamfanin ta tsaya a bayan asibiti, ba a ƙofarsa ba. Tafiyarta ke da wuya aka ba ni umarnin da na ambata. Ranar Alhamis na buɗe rajista na tarar babu shafin ranar Talata, kuma ba yagewa ya yi ba, da reza aka yanke shi. Mu biyu ne ke riƙe da makullin ofishin, ni da Malam Sunusi. Hoton shafin, wanda na ɗauka tun kafin a yanke shi, yana cikin wayata, zan nuna shi a gaban Kwamiti, amma ba zan bar wayar a hannun kowa ba.

5. 'Yar'azumi, matar marigayin, sana'arta soya jan-baki. Tun kafin ciwo ya bayyana ta aika da kwando biyu tasha a Haɗejia, aka sayar. Wa ya ci? Ba mu sani ba, kuma muddin katunan nan suka ce sauro ne, ba wanda zai nema.

6. Ranar Juma'a, 15 ga wata, aka miƙo mini takardar dakatarwa bisa zargin rashin ɗa'a. A ranar kuma magana ta zaga masallaci cewa ni ce nake son a hana feshi. Wa ya kai ta can, tun da ban gaya wa kowa abin da ya faru a asibiti ba? 'Yar manomi ce ni. Na san abin da jan-baki ke yi wa gona cikin wuni ɗaya. Feshi nake so, amma da shela.

Saboda haka ina roƙon Kwamiti ya turo likitan da ba na yankinmu ba ya duba mutum goman da suka rage, ya binciki shafin da aka yanke, ya kuma aiko da allurar nan. Mafi gaggawa, an sa ranar Asabar, 23 ga wata, don feshi na biyu. Ina roƙon a tilasta yin shela a Garin Auta da ƙauyukan kewaye kafin ranar, a faɗa wa mutane ƙarara cewa ko mai rai ne kada a yanka.

An gaya mini idan na sa hannu a katunan, gobe zan koma aiki. Shekara uku na yi ina karatun wannan aiki, huɗu ina yin sa, ba a taɓa kama ni da ƙarya a kati ba. Yau ba ni da aiki, matan da na karɓi haihuwarsu suna kau da kai idan mun haɗu a rijiya, mahaifina kuma kwana uku ke nan bai amsa gaisuwata ba, domin shinkafarsa ta fara nuna. Na san da duk wannan, kuma ba zan sa hannu ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi maka jagora.

Taka mai biyayya,
Umaima Abdulmannan Zarami.