Takardar Albashin Doguwa

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki, ya iyali? Na rubuto ne saboda kunnenka ya ƙi waya, maganar kuma ba ta ihu ba ce.

Ka san ƙawata Doguwa, wadda muke aikin ungozoma tare a asibitin gwamnati, mai biyo min a motarta kullum da safe. Rana ɗaya aka ɗauke mu aiki, matakinmu ɗaya. Jiya muna canza kaya a ɗakin hutu takardar albashinta ta faɗo daga aljihu. Na ɗauka zan miƙa mata, idona ya sauka a kai. Yaya, sai da na sake dubawa! Albashina da rabi take ɗauka. Duk shekarun nan ina zagin kaina da rashin tattali, ashe ba a ba ni ba ne.

Ita ma baki ta saki. Ta ce, "Ke, wallahi cutarki ake yi! Ungo takardar, je ki nemi haƙƙinki."

Ta ina zan fara? A gaida yara.

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonki ya iso, na kuma yi mamaki matuƙa. Ni da na tsufa a ofishin gwamnati har na yi ritaya, babu lungun da ban sani ba. Ki rubuta koke zuwa ga kwamitin gyaran albashi. Kada ki je musu da baki kawai, takarda suke ji. Ki liƙa takardar albashin Doguwa kusa da taki, kowa ya gani da idonsa.

Ki fara tunanin launin motar da za ki saya. Kujerar gaba dai tawa ce.

Allah ya yi miki albarka.
Yayanki

*

Yaya,

Ina gaisuwa.

Kwamiti ya ba da amsa. Sun ce nawa albashin shi ne daidai, na Doguwa ne kuskure tun ranar da aka ɗauke mu. Ko sisi ba a ƙara min ba. Ita aka rage wa, kuma za a riƙa yankar rabin abin da ya saura kowane wata har ta biya duk rarar da ta karɓa. Innalillahi! Matar da mijinta ke kwance ba ya aiki, ga yara a makaranta.

Muna ɗakin haihuwa masinja ya kawo mata sakamakon. Ta karanta a tsaye, ta ninke, ta wanke hannu ta koma kan mai naƙuda. Ko kallona ba ta yi ba.

Na ruga ofishin na ce na janye kokena. Sakataren ya yi murmushi ya ce, "Ai baiwar Allah, abin da ya shiga fayil ba ya fita." Abin da ya ƙarasa ni, sun manna takardar yabo a allon sanarwa, wai ni ce ma'aikaciya mai kishin dukiyar gwamnati. Yanzu in na shiga ɗakin hutu sai kowa ya dafe aljihunsa.

Kwana uku ke nan tana biyo min, muna tafiya shiru kamar masu rakiyar gawa. Yaya, kunya za ta kashe ni.

Auta

*

Auta,

Na karanta. Wallahi ban taɓa ganin an yi haka ba. Na nemi waɗanda na sani a ofishin, duk sun bar aiki. Ki je gidanta da ƙafarki, ki ce ni na sa ki.

Yayanki

*

Ƙawata,

Ina gaishe ki. Na sa wannan a aljihun rigar aikinki ne don in na buɗe baki kuka zan yi, ga marasa lafiya suna kallo.

Ki daina zarya ofishin nan, kuma ki bar Yaya ya huta. Ni na ba ki takardar da hannuna, ban manta ba.

Gobe kada ki tsaya jirana a bakin titi, na sayar da motar. Mu haɗu a tashar bas. Ki fito da wuri, ke kika san wadda ake hawa.

Doguwa